Tsoron Magana A Gaban Jama'a Da Maganinsa A Cikin Wasanninmu

(Jawabin da aka gabatar a zaman malamai da matasa na taron shekara-shekara na ƙungiya, a Birnin Kebbi)



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni dama in ce wani abu a kan matsalar da na san wasunmu za su ga kamar ba ta kai a tara dattawa saboda ita ba, wato tsoron tashi a yi magana a gaban jama'a. Mun saba idan muka haɗu a irin wannan zama mu tattauna batun hanya da ruwan sha da asibiti da takin zamani, kuma haka ya kamata. Sai dai ina roƙon ku lura da abu guda: babu ɗaya daga cikin waɗannan buƙatu da ke kai kanta wurin hukuma. Sai an sami ɗan gari ya miƙe tsaye a gaban mutanen da suka fi shi muƙami, ya faɗe ta da bakinsa cikin 'yan mintocin da aka ba shi. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, idan magini ya zo, mai ɗakin kuma ya kasa buɗe baki, ai ɗakin maƙwabci za a gyara.

Duk wanda ya taɓa halartar taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafin kuɗi, ko zaman biyan diyyar gonaki, ko rabon tallafi irin wanda ya biyo bayan ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadamunmu, ya san yadda abin ke kasancewa. Zaure ya cika maƙil, amma masu magana 'yan ƙalilan ne, kuma kullum su ne dai. Manomin da ruwa ya ci gonarsa, wanda ya fi kowa sanin inda ruwan ya karyo, yana can baya yana gyaɗa kai. Sai an watse ya tsaya a bakin ƙofa ya zuba bayanin da, da a ciki ya yi shi, da sakatare ya rubuta. Haka ɗalibinmu da ya shekara yana bincike a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ranar kare aikinsa ya daskare a gaban malamai. Haka ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ranar da ta fara shiga aji gwajin koyarwa. Haka uwar da ta kwana uku tana jinyar ɗanta, ta zo gaban likita ta kasa faɗin yadda ciwon ya faro.

Kafin in ci gaba, bari in raba abubuwa biyu da muke yawan cuɗawa. Kunya daban, tsoro daban. Kunya ita ce ke hana yaro katse dattijo, ta hana mace ambaton sunan ɗanta na fari, ta sa saurayi ya kauce hanya idan ya hango surukinsa. Wannan ado ne, ban zo nan don in ce a yar da shi ba. Mai kunya yana da ikon magana, ya dai ga lokacinta bai yi ba ne ya yi shiru. Mai tsoro kuwa lokacin ya yi, an kira sunansa, an miƙa masa makirufo, amma harshe ya ƙi. Abin da ke damuna shi ne mun daɗe muna naɗa wa tsoro rawanin kunya. Yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban baƙo sai mu ce mai hankali ne, mu yi ta yabonsa, har ranar da zai zauna gaban kwamitin ɗaukar aiki yana ɗan shekara 25, a nan ne za a gane hankali kaɗai ba ya amsa tambaya.

Likitoci sun yi bayanin abin da ke faruwa a jikin mutum a wannan hali. Da zarar idanun jama'a sun dawo kansa, ƙwaƙwalwa kan ɗauki abin tamkar haɗari, sai jiki ya saki wani sinadari da ake kira adirenalin. Zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya jiƙe, gwiwa ta kama rawa. Shiri ne na gudu ko kokawa, irin wanda jiki zai yi da a ce kura ce ta ɓullo, alhali kuwa abin da ke gaban mutum shugaban ƙaramar hukuma ne da kansilolinsa. Kuma ba ciwon Bakabe ko Bahaushe ba ne shi kaɗai. A 1993 wasu masana na Jami'ar Trier ta ƙasar Jamus sun buga hanyar da suka tsara ta tayar wa mutum da hankali a ɗakin gwaji don su auna abin da ke sauyawa a jikinsa. Hanyar kuwa ita ce a sa shi ya yi jawabin minti biyar a gaban alƙalai masu ɗaure fuska, sannan ya yi lissafi da ka. Har yau ana aiki da wannan gwaji a ƙasashe da dama. Mu kuma da muka yi karatun allo mun san cewa Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi ga Fir'auna, ya roƙi a saki harshensa, a kuma haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna wanda ya fi shi fasahar magana. Saboda haka duk wanda gabansa ke faɗuwa kafin ya miƙe, kada ya ɗauka shi aka fara yi wa.

Wani abin da ke ƙara rura wutar shi ne zaton da mai magana ke yi cewa kowa yana ƙirga kurakuransa. A shekara ta 2000 Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell ta Amurka da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji. Sun sa ɗalibai sun sanya riga mai hoton da suke jin nauyin a gan su da shi, suka shiga ɗaki mai mutane. Ɗaliban sun yi tsammanin kusan rabin mutanen ɗakin sun lura da rigar, ashe kimanin rubu'i ne kawai suka lura. Jama'a kowa da abin da ya dame shi. Ko a wannan zaure, ina da yaƙinin masu tunanin yadda za su koma gida kafin magariba sun fi masu ƙirga tuntuɓen harshena yawa.

To, mene ne maganin? Abin da masana halayyar ɗan Adam suka fi amincewa da shi ga irin wannan tsoro shi ne sabo, wato a riƙa kusantar abin tsoron kaɗan-kaɗan, sau da yawa, a wurin da kuskure ba ya jawo hasara. Mu mutanen bakin gulbi ba sai an yi mana dogon sharhi ba. Babu Basarken da ke koya wa ɗansa iyo ta hanyar jefa shi Matan Fada ranar gasar kamun kifi, babu kuma mai koya masa a kan tudu. A gefen ruwa ake farawa, inda ƙafa ke taɓa ƙasa, yaro ya sha ruwa ya yi tari a yi dariya, gobe ya dawo. Abin da da yawanmu ke yi maimakon haka shi ne haddace jawabi. Hadda kuwa igiya ɗaya ce, kalma guda ta kuɓuce sai sauran su bi ta. Ko da ba ta tsinke ba, ai bayan jawabi akwai tambaya, kuma an ce idan baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba.

Gefen ruwan da nake nufi a fagen magana shi ne wasan kwaikwayo na nan-take, wato wanda ba a rubuta ba, ba a haddace ba. A ba mutum matsayi da yanayi kawai, shi ya nemo kalmominsa a tsaye. Turawa sun mayar da shi fanni mai zaman kansa. Wata mata mai suna Viola Spolin, wadda ta yi aiki da 'ya'yan baƙin haure da talakawa a birnin Chicago tsakanin 1939 da 1941, ta lura cewa yaron da ba ya iya karanta rubutaccen wasa, da zarar an ce masa wasa za a yi mai doka ɗaya tak, sai hankalinsa ya koma kan dokar, ya manta ana kallonsa. Ta tattara waɗannan wasanni a littafinta na 1963, wanda har yau makarantun wasan kwaikwayo ke amfani da shi. A 2019 kuma masu bincike na Jami'ar Michigan sun ba da rahoton cewa cikin 'yan makarantun birnin Detroit da suka yi mako goma suna irin waɗannan wasanni, an sami raguwar alamun fargabar shiga mutane.

Ban kawo sunayen nan don in ce mu je Amurka neman magani ba. Na kawo su ne don mu gane darajar abin da ke ɗakinmu, domin abin da Spolin ta gano, kakanninmu sun riga sun gina shi cikin kalandar shekara.

Ku tuna da tashe. Idan azumi ya kwana goma, yaron da ko gaishe da baƙo ba ya iyawa sai ka gan shi ya liƙa gemun auduga, ya ɗaura tsumma, ya dogara sanda, ya zama Tsoho da Gemu. Wani ya rataya tarkace ya zama Jatau Mai Magani, yana lissafa cututtuka da magungunansu a gaban matan gida. 'Yan mata su shirya Mairama da Daudu, suna koya wa amarya zaman aure alhali ba wadda ta kai shekara goma sha biyu. Waƙar sananniya ce, amma abin da ke tsakanin baituka ba wanda ya rubuta shi: uwar gida za ta jefo zolaya, dole yaro ya mayar nan take, in ya burge a ƙara masa hatsi ko kwabo, in ya kwafsa a yi dariya ya wuce gida na gaba ya sake gwadawa. Ku lissafa gidaje nawa yaro ke shiga a dare ɗaya, dare nawa a wata, shekara nawa kafin ya girma. Wace makaranta ce a yau ke ba ɗalibi damar tsayawa gaban masu sauraro sau da yawa haka? Sirrin kuwa yana cikin gemun audugar nan. Wanda ya yi kuskure ai tsoho ne mai gemu, ba ɗan gidan wane ba, don haka babu mutuncin da ya zube.

A ƙauyukan ƙasar Hausa kuma akwai kalankuwa bayan kaka, inda samari da 'yan mata kan kafa hukumarsu ta 'yan kwanaki, a naɗa Sarki da Alƙali, a zamanin Turawa har da Gwamna da Di'o da Likita, a kama mai laifi, a yi shari'a, a ci tara. Ɗan manomi ya ɗanɗana yadda ake zama a kujerar hukunci da yadda ake kare kai a gabanta. A fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki kan yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, sarki ya kalla ya ga kansa a madubin da babu bafaden da zai iya riƙe masa. Bugu da ƙari akwai wasan taubasai da na jika da kaka da na ƙabilu, wanda ba ya jiran wata ko kaka. Bakabe ya haɗu da Bakatsine a tasha, ba shiri ba sanarwa, sai dai wanda bakinsa ya fi kaifi ya tashi da nasara. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun duniya a 2014, shekara biyu kafin ta sanya bikin kamun kifi na Argungu a 2016.

Ko a zamanin boko hanyar ba ta yanke ba. Daga 1975 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a ƙarƙashin Michael Etherton da abokan aikinsa, ya riƙa fita da ɗalibai zuwa Samaru da Soba da Maska da Bomo, su saurari matsalolin manoma, su shirya wasa a kansu ba tare da rubutu ba, daga baya ma manoman da kansu suka riƙa shiga fage. A Nijar ƙungiyoyin Samariya na zamanin Seyni Kountché sun yi suna da wasannin Hausa da ake tsara labarinsu da baki, kowane ɗan wasa ya zo da kalmominsa. Yawancin wasannin talabijin da muka taso muna kallo, irin su Samanja na marigayi Usman Baba Pategi da Idon Matambayi na tashar Sakkwato, a kan wannan tafarki suka ginu.

Yau fa? Tashe ya ja baya a unguwanni da yawa, wani wuri saboda rashin tsaro, wani wuri saboda waya ta cinye daren. Dandali ya mutu. Aji mai cunkoso ba ya barin malami ya ji muryar kowane yaro, sai dai amshi. Muka kuma ƙara wa yaranmu wasu kaya biyu: tsoron karya Turanci, da tsoron a yi musu dariyar karin harshenmu. Na sha ganin matashinmu a Kano ko Kaduna yana taunar harshe don kada ya ce "tahi" ko "biyat" ko "mi", har ya rasa abin da ya tashi faɗa. Abin takaici ne, domin da wannan karin ne Narambaɗa da Ɗankwairo da Ɗandawo suka riƙe fadoji, kuma har gobe malaman jami'a na rubuta digiri a kan fasaharsu.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar kwangila. Ana buƙatar inuwa, da tabarma, da mutum goma zuwa goma sha biyar, da sa'a ɗaya a mako. A fara da tatsuniyar zobe: a zauna da'ira, na farko ya faɗi jimla ɗaya, na kusa da shi ya ɗora tasa, har labari ya zagayo. Doka ɗaya ce, ba a ƙaryata abin da na gaba ya faɗa. Kowa ya fara da "haka ne, har ma", sannan ya ƙara nasa. In wani ya ce jaki ya shiga ofishin banki neman rance, to ya shiga, kai aikinka ka faɗi abin da manaja ya ce masa. Wannan ƙaramar doka tana yin aiki biyu: tana tilasta wa mutum sauraro, domin ba zai iya shirya jimlarsa tun da wuri ba, tana kuma tabbatar masa cewa duk abin da ya fito daga bakinsa za a karɓa.

Idan an saba, sai a shigo da kwandon talla. A zuba ludayi da lauje da homa da goran masunci da tsohuwar fitila, kowa ya laluba ya ciro ɗaya ido rufe, ya tashi ya tallata shi minti guda ba tsayawa. Wanda ya sarƙe, maimakon a yi shiru a zuba masa ido, sai a yi masa tafi, mata su rangaɗa guɗa, ya ci gaba. Kada a raina wannan tafi, shi ne gemun audugar.

Sai babban wasan, wanda saboda shi aka yi na baya, wato musayar kujera. A ɗauko matsala ta gaskiya: shugaban ƙungiyar manoman shinkafa zai je neman a jinkirta musu biyan bashi bayan ambaliya, ko uwa za ta yi bayani a taron iyaye da malamai, ko matashi zai zauna gaban kwamitin ɗaukar aiki. Ɗaya ya hau kujerar jami'i ya tsananta tambaya iyakar iyawarsa, ɗaya ya kare buƙata. Idan mai buƙata ya maƙale, kowa daga cikin masu kallo yana da ikon cewa a tsaya, ya maye gurbinsa ya gwada tasa dabarar. Wannan salon Augusto Boal ne, mutumin Barazil. Daga nan a musanya, mai roƙo ya koma jami'i. Wanda ya taɓa zama a kujerar, ko da ta wasa ce, zai gane cewa wanda ke kanta shi ma mutum ne mai neman a taƙaita masa bayani ya tafi cin abinci.

Akwai sharuɗɗa da in an saɓa su gara ma kada a fara. Ba'a ba wasa ba ce. Duk wanda ya fita ya kai labarin kuskuren wani majalisar shayi ya rushe aikin wata uku, kuma mai jagora ya kore shi. Mata su yi nasu zaman da jagora mace. Iyayenmu dattawa kuma, tare da girmamawa, a makonnin farko a bar yara su kaɗai, domin babu saurayin da zai tallata ludayi a gaban surukinsa; ku zo daga baya a matsayin alƙalai, a lokacin ana buƙatar kwarjininku don a gwada ƙarfin zuciya. Mai in'ina a ba shi lokacinsa, kada a ƙarasa masa kalma. Wanda kuma tsoronsa ya kai ya hana shi fita kasuwa ko zuwa makaranta, wannan na likita ne, wasa kaɗai ba zai wadatar ba. Sannan kada wani ya fita daga nan ya ce na ce surutu ya isa. Wanda zai je kare hakkin gari dole ya san yawan kadadar da ruwa ya ci da sunayen masu su. Wasa yana buɗe baki ne kawai, abin da za a zuba a ciki sai an nemo shi.

Mai girma Shugaba, roƙona ga kwamitin ilimi na wannan ƙungiya shi ne ya zaɓi makarantun sakandare biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, da ƙungiyar manoma guda, a gwada wannan tsari na mako goma a zangon karatu mai zuwa. Malaman Hausa da na Turanci da muke da su a cikin mambobi sun isa su jagoranta, ni ma ga ni. Idan azumi ya zo, a nemi izinin masu unguwanni a shirya wa yara tashe da la'asar a filin makaranta, inda tsaro ba zai zama hujjar hanawa ba. A taronmu na baɗi kuma, wannan kujera da nake tsaye a bayanta a ba biyu daga cikin yaran da suka yi horon, namiji da mace, minti biyar-biyar, shugaba ya ciro musu batu daga cikin hula a gaban kowa.